Fim Ɗin da Ya Rage a Kyamarar Kawu

Kawuna, babban yayan mahaifiyata, ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa na Malumfashi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah Ya haskaka kabarinsa. Da gangan na fara da tawa addu'ar, domin a zaman makokinsa na ji addu'o'i iri-iri, kuma akwai waɗanda da masu su sun riƙe su a baki da ya fi musu mutunci.

Kawu mai hoto ne. Tun ina ƙarama na buɗi ido na gan shi da kyamara a wuya. Daga Malumfashi zuwa Kafur, har Gozaki da Tsiga, da wuya ka shiga ɗakin da babu aikin hannunsa a bango ko a ƙasan akwati. Amma ranar da muke zaune a tsakar gida tare da matarsa, sai na jiyo muryar wani alhaji daga zaure, ya gyara murya yana cewa, "Allah Ya yafe masa wannan sana'a tasa. Mutumin kirki ne, sai dai hoton nan." Mutane suka ce amin. Na san muryar sarai. Shi ne wanda ya taɓa dawo da Kawu har gidansa a sake ɗaukarsa a kan sabon babur ɗinsa Basfa, wai a na farko hularsa ta karkace. Hoton yana nan a falonsa har gobe, da gilashi da komai.

Cikin gida ma ba a bar mu a baya ba. Wata mata ta gama "ya haƙuri", ko numfashi ba ta sauke ba ta matso kusa da mai takaba ta ce, "Ni kuwa ko kin san inda ya ajiye hoton sunan jikana?" Wata kuma tana ta leƙen ƙofar ɗakinsa, tana tambaya ko nan ne kyamarar nan ta Makka take, mai ɗaukar hoto da kanta. Ƙasar kabarin mutum ba ta bushe ba. Na yi tsaki a fili, ban damu da wanda ya ji ba.

Ni ma da tawa buƙatar a ɗakin nan, kuma gara in faɗe ta tun yanzu. A cikin wannan kyamara akwai fim da ba a wanke ba, a cikin fim ɗin akwai mahaifiyata, Inna, wadda ta riga Kawu tafiya da 'yan watanni. Shi ne hotonta guda ɗaya tak a duniya. Abin da ya hana ni barci ke nan a kwanakin makoki, bayan rashin Kawu kansa.

A Funtuwa ya koyi aikin, wajen wani Bayarabe mai shagon hoto da muke kira Baban Funtuwa. A hannunsa kuma ya sayi gilashin da ya yi suna da shi, wajen lokacin da aka bar fam aka koma naira. Gilashin gaba nake nufi, wanda ake murɗawa a cire daga jikin kyamara a sake ɗaurawa. Na ƙarfe ne, mai nauyi, baƙin fentinsa ya goge a daidai inda babban yatsan Kawu ke zama. Yana da zobe da ake juyawa da hannu har sai fuskar mutum ta fito tar. Wannan juyawar ita ce saiti, kuma Kawu ba ya gaggawa a kanta ko gobara ake yi.

Da kaka, in an sayar da auduga, manoma kan cika ƙofar shagonsa, wannan da sabon keke, wancan da rediyo a kafaɗa. Sai ya tsayar da mutum a rana, ya sa ido a kyamara, ya juya zobe gaba, ya dawo da shi baya, ya tauna goro, ya sake juyawa.

"Malam, rana fa!" in ji manomin, gumi na bin wuyansa.

"Ranar ce za ta yi maka hoton. Ni saiti ne nawa. Sauke rediyon nan ƙasa kaɗan, kai zan ɗauka ko shi?"

Kullum idon mutum yake nema. Ya kan ce in ido ya fito, ko riga ta ɓace ba a yi asara ba. Yana da faɗa, yana da riƙo, ga maƙo na bugawa a jarida: takardar hoto ko ta lalace ba ya yar da ita, sai ya yanka ta ya yi ma'ajin hotuna da ita. Ba zan mayar da shi waliyyi don ya mutu ba, shi ma da yana ji da ya harare ni.

Amma na ga wani abu da idona, wata ranar kasuwa da na biya shagon. Wani kuturu ya zo daga wajen Gozaki, yana son hoto ya aika wa 'yarsa da ke aure a Zariya. Ya tsaya nesa da benci, yana ɓoye hannuwansa a hammata. Kawu ya dube shi, ya cire babbar rigar da ke jikinsa ya sa masa, ya zaunar da shi a kujerar da alhazai ke zama, ya jawo hannun rigar ya rufe masa yatsu da kansa, ya gyara masa hula. Masu jiran layi suka ja baya suna yatsina fuska. Kawu ya ce duk wanda kujerar ta dame shi, ga hanya nan. Mutum biyu suka tafi, bai ko ɗaga kai ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. A hankali ta zo. Hotuna suka fara fitowa dishi-dishi: bangon da ke bayan ango ya fito har ana ƙirga tsagarsa, angon kuwa kamar an shafa masa man shanu. Kawu ya zagi fim, ya zagi takarda, ya zagi masu wanki. Idonsa kaɗai bai zarga ba. Mutane suka fara zamewa zuwa shagunan samari.

Babban ɗansa, taubashina, ma'aikaci ne a Kaduna. Shekarar da ta biyo bayan ba mu jihar Katsina ya je aikin hajji, ya dawo wa ubansa da tsarabar kyamara sabuwa dal, irin wadda ba a taɓa gani ba a garin. Ba a juya mata zobe. Ka taɓa maɓalli kawai, gilashin ya yi zuuu da kansa, ya leƙo ya koma, ta yi ɗan ƙara tsit, shi ke nan ta saita. Niyyarsa mai kyau ce, wannan ba zan hana shi ba. Yana so ya cire idon uban daga cikin aikin, sana'a ta ci gaba.

Kawu ya gwada ta a wani biki a Kafur. Ya jera wa da ƙane kafaɗa da kafaɗa, ya danna. Da aka wanko, sai ga bishiyar mangwaron da ke can bayansu, ta tsakanin kawunansu, ta fito ganye-ganye, su kuwa kamar aljanu. Ya dawo gida ya cika ya batse.

"Ta bar min 'yan uwa biyu, ta tsallaka ta ɗauko mangwaro! Wa ya aike ta?"

A ranar ya murɗe sabon gilashin ya tura shi ƙarƙashin gado. Da yake kamfani ɗaya ya ƙera tsohuwar kyamararsa da sabuwar, ya gwada tsohon gilashinsa a bakinta, ya zauna daram. Da taubashi ya zo hutu ya ga abin, kamar ya yi kuka.

"Haba Baba! Wannan ai kamar a saya maka mota ne ka ɗaura mata jaki ya ja. Duk amfaninta fa a gilashin da ka cire yake."

"To ɗauki motarka. Ni hannuna bai mutu ba tukuna."

"Hannu bai mutu ba, amma ido fa?"

Wannan kalma ita ce ba a faɗa a gidan. Kawu ya tashi ya shige ɗaki. Har babbar salla ta zo gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Abin dariyar shi ne, haɗin nasa ya yi aiki ta inda ba wanda ya zata. Ashe ko da tsohon gilashi ne, in ya juya zoben ya kai daidai, kyamarar takan yi wannan ƙara nata, tsit. Sai ya zama yana nuna ta ga fuskar mutum, wadda yake gani kamar inuwa, yana juyawa a hankali da kunnensa a buɗe, da ya ji tsit sai ya danna. Hotuna suka dawo tar. Ya kan ce, "Ni ne direba, ita yaron mota ce. Nata ta buga min ƙofa in mun iso." Baban Funtuwa ya gaya masa cewa da sabon gilashin ma haka za ta yi in ya nuna ta daidai fuska, ba sai ya wahalar da yatsa ba. Kawu ya ce bai ji ba. Ya ƙara da cewa tsohon gilashin ya san fatar mutanenmu, sabon kuwa baƙo ne. Ban san ko gaskiya ne ba, amma ba wanda ya iya ja da shi. Sai dai masu zuwa sun riga sun ragu, labarin idonsa ya gama gari.

Inna ita ce autarsu, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, duk da yayanta ne mai hoton garin. Tana gidan mahaifina, ba a yarda da shi ba a can. Bayan ya rasu ta ce ta tsufa, haƙora sun zube, wa zai so ganinta. Ƙasan duk wannan kuwa kunya ce: ba za ta iya zama ta ƙura wa yayanta ido ba. Ranar da taubashi ya kawo kyamarar ya nuna ta gare ta da wasa, gilashin ya yi zuuu ya leƙo, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Abin da ke leƙen mutum ba hannu a jikinsa, ba da ni ba."

Da ciwo ya kama ta aka dawo da ita gidan Kawu don kusa da asibiti. Ina koyarwa a Funtuwa, duk Asabar nake zuwa. Na ga yadda take ramewa, na roƙe ta, ta ƙi. Wata safiya Kawu ya fito da kujerar nan ya ajiye a inuwar rumbu.

"Auta, zo ki zauna."

"Yaya, na ce ba na son abin nan mai motsi."

"Na cire shi tuntuni. Wannan ba ya motsi sai na motsa shi. Taɓa ki ji."

Ta taɓa ƙarfen da yatsa ɗaya. Ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da zanenta na rini da farin kallabi. Ta zauna ta sunkuyar da kai. Kawu ya juya zobe, shiru. Ya sake juyawa, shiru, domin sai ƙara sunkuyawa take.

"Ɗago ki dube ni mana. Tun muna yara ba ki taɓa dubana ido cikin ido ba."

"To Yaya, in na dube ka ma, kai gani kake?"

Ita kaɗai ce a duniya za ta faɗi wannan ta kwana lafiya. Ta faɗa, ta ɗago, dariya ta ƙwace mata. Kyamara ta ce tsit, Kawu ya danna. Ina tsaye a bayansa, na ga fuskar da aka ɗauka.

Na ce a kai wanki a ranar, ni zan tafi da shi Funtuwa. Ya ce fim bai cika ba. Fim mai kala ya yi tsada a lokacin, kuma Kawu ba zai wanke rabin fim ba ko sama za ta faɗo. Kafin damina ta ƙare Inna ta rasu. Bayan arba'in na sake yi masa magana, ya ce, "Bari ya cika." Ina jin ba maƙo ba ne kaɗai a wannan karon. Tsoro yake kada a wanko a miƙa masa ƙanwarsa ya kasa ganinta. Ana haka batirin kyamarar ya mutu, kuma ba irin na tocila ba ne, sai Kano ko Kaduna. Ba batir, fim ba ya naɗewa ya koma cikin gwangwaninsa, balle a cire shi lafiya. Ya aika wa ɗansa, ɗan ya ce in zai zo zai taho da shi. Kafin ya zo da shi Kawu ya kwanta, bai tashi ba.

Ranar sadakar uku Baban Funtuwa ya zo, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Kirista ne, ya zauna can ƙarshen tabarma, aka yi addu'a ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. A cikin duk mazan da suka cika zauren, shi kaɗai na ji an ce ya yi kuka. Ya shigo ya gai da mai takaba daga bakin labule, na tare shi na gaya masa zancen fim. Ya koma zaure ya sami Kawu Ƙarami, ƙanen marigayi, mai sayar da hatsi, wanda ragamar gidan ta koma hannunsa.

"Alhaji, don Allah kyamarar nan kada kowa ya buɗe bayanta. Akwai fim a ciki, haske yana kashe shi. A kawo min Funtuwa, in shiga ɗakin duhu in cire, in maido muku da ita kafin azahar. Ko wani ya biyo ni ya tsaya a ƙofa."

Kawu Ƙarami ya ce kayan magada ba ya fita gidan sai an raba. Ya kulle ɗakin, ya jefa makulli a aljihu. Tsohon bai kai bakin titi ba na jiyo Kawu Ƙarami yana ce wa na kusa da shi, "Ku ji min mutum. Me ke cikinta da sai Bayarabe kaɗai zai gani, kuma a cikin duhu?" Aka yi dariya a wurin makoki. Mutumin da ya koya wa ɗan'uwansu abin da ya ci da su shekara da shekaru, shi aka mayar ɓarawo.

Na sami Kawu Ƙarami na durƙusa, na yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce ba kyamarar nake so ba, ƙanwarsa ce a ciki. Ya ce, "Ke meye naki? Ba ki da gado a gidan nan." Gaskiya ya faɗa, ba ni da shi. Sai na koma ga taubashi, na ajiye wasan da ke tsakaninmu gefe, na ce ya taimake ni da batir kawai. A sa, a danna, fim ya naɗe, a cire a gaban kowa. Ya rantse ranar rabo zai zo da shi.

Ranar rabo ya zo da farar shadda tana ƙyalli, da katan ɗin lemo na baƙi. Na tare shi a ƙofar gida. Ya dafa goshi ya ce, "Kash! Wallahi yana raina har na shiga mota."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakin Kawu, ga malamin da zai raba, ga shaidu. A wurinmu, ranar rabo duk abin da ke rufe sai an buɗe shi a gaban shaidu, don kada daga baya wani ya ce an ɓoye masa. Aka buɗe adaka, aka buɗe akwatin ƙarfe, aka kwance ƙullin tsumma, har matashin kai sai da aka lallatsa. Ina tsaye a ƙofar matar Kawu. Aka fito da kyamara, tsohon gilashin na bakinta. Malamin ya ce shi bai san kan wannan ba, ko akwai wani abu a ciki?

"Yanzu za mu gani," in ji Kawu Ƙarami.

Taubashi ya ce, can ƙasan maƙoshi, "Baba, da dai an bari..."

"Kai ma Bayaraben ya saye ka?"

Ɗan mai hoto, wanda ya san abin da zai faru fiye da kowa a wurin, ya sunkuyar da kai yana gyara agogo. Ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba sai ranar. Na ce, "Kawu, don girman Allah kada ka buɗe! Inna ce a ciki!" Wani daga cikin shaidu ya yi dariya. Malamin ya ce mata su yi haƙuri su koma ciki.

Kawu Ƙarami ya jujjuya kyamarar, ya lalubo sakatar da farce, bayanta ya buɗe. Rana tsaka ce. Ya sa yatsu ya kamo fim ɗin, ya yi ta ja kamar mai jan hanjin kaza, har ya ƙare. Ya ɗaga shi sama ya saita shi da rana, ya bi shi da ido daga wannan kai zuwa wancan. Fim da ba a wanke ba ba ya nuna komai, launin ƙasa ne kawai. Ya miƙa wa shaidu, su ma kowa ya ɗaga ya duba da kyau, don a cika amana.

"To ga shi," in ji Kawu Ƙarami, yana dubana. "Ina Autar? Ba kowa a ciki."

Na ce, "Tana ciki har lokacin da ka buɗe."

Bai gane ba. Wallahi bai gane ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ya ce ni dai da son surutu, ya yar da fim ɗin gefen tabarma, malamin ya ce an shaida babu komai, aka wuce kan buhunan dawa.

Har yau, in zancen ya taso a kasuwa, Kawu Ƙarami yana ba da labarin yadda ya tsaya tsayin daka ya hana a cuci marayun ɗan'uwansa, ana sa masa albarka. 'Ya'yana kuwa in sun tambaye ni kamannin kakarsu, sai in yi ta kwatance da baki, kuma kullum kwatancen raguwa yake.

Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya saka masa da alherin kowace fuska da ya tsaya a rana ya nema har ya samu. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya haɗa su inda ido ba ya yana. Sauran kuwa, in mun haɗu ina gaishe su, don zumunci wajibi ne. Iyakarta ke nan.